Bayan Jan Layi

Wata sandar ma ta dawo ta taga da ɗigon jan fenti a kanta, alamar ta faɗi awo.

Dogo ya ɗauke ta ya juya a haske. Sumul take, tana ƙyalli, kaurinta bai wuce na babban yatsa ba. Irin sandunan ƙarfen nan ne da ke juyawa a cikin famfon mai, waɗanda dole su fito zagayayyu tsaf, in ba haka ba famfon ya cinye kansa. Shi ke goge su a inji, kuma tun zuwansa kamfanin ba a taɓa kiransa ofis ba sai wannan makon.

Manaja bai ja zance ba. Ya ce mai kwangila na nan tafe ɗaukar kaya, in suka sake faɗuwa awo, wani zai hau injin. Dogo ya fito gumi na tsattsafo masa. Wannan ba lokacin zaman gida ba ne, ga iyali na dab da ƙaruwa.

Ɗakin awo ba mai shigarsa sai mai awo, wadda ma'aikata ke kira Alƙaliya. Ta wata 'yar taga ake miƙa mata kaya, ba abin da ake hangowa sai fuskarta da kafaɗun farar riga. A ciki take tsayar da sanda a kan faifai, faifai ya juya a hankali, wata siririyar allura ta bi jikin ƙarfen, kwamfuta ta zana da'ira. Teburin na'urar a kan matasan iska yake zaune, ɗan taɓi kaɗan sai ya motsa. Shi ya sa aka ja jan layi a ƙasa. Muddin faifai na juyawa, ƙafa ba ta ƙetare shi.

Makon nan kayan Dogo kaɗai ake ɗorawa. Da'irar takan taho lafiya lau, sai can ta yi tsini guda kamar ƙaho.

"Ranki ya daɗe, ko dai allurar nan gaba take da ni?" ya ce ta taga.

"Malam Dogo, abin da ta gani shi na faɗa. Nan ba a san sani ba."

Ta bi shi da wata harara da duk kamfanin shi kaɗai ake yi wa irinta, ta ja gilashi.

Ya koma kan inji. Ya sauya dutsen washi. Ya tace ruwan sanyaya ƙarfe. Ya wanke sandunan, ya bar su suka huce, ya daina taɓa su sai da safar hannu. Ya roƙi direban motar ɗaga kaya ya riƙa zagayawa ta baya. Ya je ya kasa kunne a jikin injin iska kamar likita. Tsohon mai walda ya ce masa ya daina wahalar da kansa, aljani ne ya samu ɗaki mai sanyi ya tare, sai dai a yi masa hayaƙi. Aka yi dariya, ban da Dogo.

Zama ya gagare shi. Daga inji zuwa taga, daga taga zuwa inji, har abincin rana ma a tsaye ya ci loma biyu ya miƙa sauran ciki ta tagar. Aka karɓa ba ko godiya.

Da aka dawo aiki jan fenti ya ƙaru. Nan ya tsaya cak. Jiya ma haka aka yi: da safe jefi-jefi, bayan cin abinci kamar ruwan sama.

Sai ya yi wata dabara. Ya ɗauki sanda ɗaya ya yi mata alama, ya nemi a auna ta, a sauke, a sake aunawa. Karon farko tsinin ya fito kusa da alamar. Na biyu ya koma ɗaya gefen. Na uku babu shi sam. Ƙarfe kuwa ba ya ɗaukar ƙusumbinsa ya sauya masa wuri. Ashe ɓarawon ba a injinsa yake ba, yana cikin ɗakin awo.

Da ƙyar manaja ya yarda Dogo ya shiga, shi kuma manajan ya tsaya a taga yana kallo. Aka sa wa Dogo hula da riga da ledar takalmi. Alƙaliya ba ta ji daɗi ba. Ta ce ta duba allura, ta duba faifai, ta gwada na'urar da ƙarfen gwaji da sassafe, kuma ita tun da take ba ta taɓa taka layin nan ba, ga ƙafafunta ya gani. Ya gani. Suna bayan layi, cikin wasu faffaɗan silifa da ta koma sawa kwanan nan.

Faifai ya soma juyawa. Dogo ya dubi allura, ya dubi tiyon iska, ya dubi ƙofa. Da'ira na tahowa sumul, ta wuce rabi, ta kusa haɗewa.

Tsini ya yi tsalle.

"Wash," in ji Alƙaliya a hankali, idonta na kan allon kwamfuta, hannunta ɗaya dafe da ƙugu.

Dogo ya sauke ido daga allon zuwa bakin teburin. Ya daɗe yana kallo. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya zauna daɓas a ƙasa. Manaja ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambayar ko an kama mai laifin.

"An kama shi, yallaɓai, amma sai dai a jira ya fito."

Ƙafafun matarsa Alƙaliya suna bayan jan layi kamar kullum, sai dai cikinta ya riga ya ƙetare har yana shafar bakin teburin, kuma ɗan da ke ciki ne ya kwashe mako yana shurin aikin ubansa.