Uwar da Ba Ta Kiran Suna

Tun da aka girka na'ura a ƙofar makaranta, iyaye kaɗai take miƙa wa yara. Tasalla ta zo ɗaukar 'yarta.

"Duk uwa tana kiran sunan 'yarta," in ji na'urar. "Shekara shida ina sauraron gidanki, ba ki taɓa kira ba. Saboda haka ba ke kika haife ta ba."

"'Yar fari ce! Kunya ce, mu ba ma faɗa."

Ta hango ana jan yarinyar zuwa motar gidan marayu. Ta ajiye kunya, ta ƙwala kira: "Zulai!"

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

"Duk 'ya tana amsa kiran uwarta," in ji na'urar, ta kulle ƙofa.