Jan Wuri a Taswira

Yatsan dattijon ya dira kan taswirar, daidai inda shanunsa ke kiwo a arewacin garin Massaguet. Wurin ja wur, kamar an yanka rago a kai.

Tun daga unguwar Diguel yake gumi a tasi. A kasuwar shanu ya ji cewa gwamnati ta daina bin mai dogon baki wajen rabon tallafi. Yanzu hoton tauraron ɗan'adam ke nuna yankin da fari ya ci, can ake kai dusa. 'Yarsa ce ke wannan aiki a ma'aikatar kiwo, shi ya sa ya garzayo ofishinta.

"Ƙasa ta ƙone ƙurmus kina zaune! Sa mu a gaba, kafin in sayar da shanun a wulaƙance."

"Baba, ko buhu ɗaya ba za a kai muku ba."

"Anya ni na haife ki?"

Ta danne dariya. "A hoton nan, inda ka ga launi fari, nan ne fari ya ci. Ja kuwa ciyawa ce, mai kauri ma."

Ya sake duban jan, ya ga ya malala har bakin takarda. Ya fita yana washe baki, yana yi wa kowa albishir cewa gwamnati ta hana shi dusa.