Lotsawar Ƙofar Kabad

Mai fenti ta shafe tsohon kabad ɗin marigayin da fenti mai garin alli, ta kankare gefunansa don tsufansa ya fito. Saura shafa masa kakin zuma.

Ta tambaya, "Wannan lotsawar ta ƙofa fa, in cike ta? In baƙin kaki ya shiga, har abada ana ganinta."

"Ita ce ma kyan," in ji 'yar marigayin. "Ina kallonta nake tuna Baba. Ko, Mama?"

Uwar ta dubi wurin, ba ta ji komai a ranta ba. Shekara talatin ke nan da marigayin ya buga kanta a jikin ƙofar nan, yarinyar tana goye a bayanta tana barci.

Ta gyara ɗankwali, ta rufe tabon goshinta.

"Shafa mata kakin," ta ce wa mai fentin.