Albasar Ƙarƙashin Filo

Wari ne ya sa Rekiya ɗaga filonta. Ruɓaɓɓiyar albasa ta gani, an soke ta da wuƙa, har ta yi ruwa ta jiƙa zanin gado.

Baƙuwa ɗaya ke shiga ɗakin tun da ta haihu kwana tara da suka wuce: Nermin, tsohuwar Baturkiyar da ke maƙwabtaka da su a unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa. Rekiya ta watsa ƙazantar a kwandon shara, ta je ta buga mata ƙofa.

"Asiri za ki yi min? Khalas, shi ke nan, kada ki ƙara taka min gida."

Tsohuwar ta riƙo hannunta tana magiya da guntun Larabcinta. Rekiya ta fizge.

Bayan la'asar mijinta Almu ya kunna mata fim ɗin tsoro na Turkiyya, irin wanda take so, ko za ta huce. Wata aljana ce mai jajayen kaya ke bin masu jego, tana zaƙulo hantarsu tana ci ɗanya. Rekiya ta yamutsa fuska. Gida ɗaya aljanar ta kasa shiga, inda kakar jariri ta soke albasa da wuƙa ta tura ƙarƙashin filo.

"Af, na manta," in ji Almu. "Ɗazu wata mai jar abaya ta tare ni a matakala tana tambayar mai jego. Na nuna mata ƙofarmu. Ƙawarki ce?"

Tuni Rekiya ta bar wurin. Tana durƙushe gaban kwandon shara, ta cusa hannu cikin ƙazantattun famfas, tana laluben albasar.