Awarwaron da Ya Faɗa Rijiya

Awarwaron ya zame daga hannun matar mai walda tana cikin jan guga, sai ƙarar faɗawarsa aka ji a ƙasan rijiya. Mai walda yana tsakar gida yana wanke hannu, surukarsa kuma tana kan tabarma, kwana biyu ke nan da zuwanta.

Duk unguwa an san awarwaron nan. Shi ya kawo shi a kayan aure shekara goma sha ɗaya da suka wuce, aka yi ta zagayawa da shi ana cewa gwal ne tsantsa. Abin da ba a sani ba, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan ruwan gwal, shi da wani abokinsa suka haɗa shi a bayan shago. Duk duniya kuwa ba wadda yake tsoron ta gane kamar surukarsa, macen da ko tsintsiya za ta saya sai ta juya ta sau uku.

Ga shi mutumin mayen ƙarfe ne na bugawa a jarida, irin wanda ake dasawa cikin ɗan kofin ƙarfe da ƙugiya a bayansa. Da shi yake riƙe ƙarfe in zai yi walda, da shi yake tsince ƙusa a ƙasa. A gida ma bai bar ko'ina ba: ƙofar banɗaki, labule, wurin rataye ludayi. Baƙo bai isa ya sha ruwa ya tafi ba sai an yi masa wa'azi a kai.

"Ɗauko babban nan naka mu zura," in ji surukar.

"Mama, ai mayen ƙarfe ba ya kama gwal."

"Gwadawa ai ba laifi ba ne."

Sai ya shiga kawo uzuri. Ya ce igiya ta ruɓe, aka kawo sabuwa. Ya ce hannunsa na ciwo, ta karɓa ta zura da kanta, tana yawo da shi a ƙasan rijiya kamar mai dama kunu. Bawan Allah yana tsaye yana addu'ar da bai taɓa yi ba, wai Allah Ya kashe ƙarfin abin da ya shekara yana yabo.

Ta jawo. Cokali biyu, tsohon kwaɗon ƙofa, ƙusoshi, da almakashin da aka daɗe ana zargin maƙwabciya a kansa. Ta sake zurawa har sau huɗu, babu awarwaro.

Daga ƙarshe aka kira mai yasar rijiya ya shiga ya lalubo shi. Surukar ta karɓa, ta goge da gefen zane, ta ɗora shi a kan mayen ƙarfen a gaban kowa. Mai walda ya runtse ido. Awarwaron ya zame ya faɗi ƙasa abinsa, bai manne ba.

Murna ta kama shi, sannan mamaki ya biyo baya. Ya san abin da ya ƙera da hannunsa. Da mutane suka watse ya bi matarsa kicin, ya tsaya yana jujjuya awarwaron, yana jin nauyin da bai san shi da shi ba.

Ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba ta ce, "Daina wahalar da kanka, baban yara. Naka tun satin farko ya manne a wurin rataye ludayi, a gaban Mama. Wannan ita ta saya min, don kada dangi su yi mana dariya."