Ɓarayin Ranar Asabar

Ranar da Uwaisu ya fara haɗuwa da Margaret, ƙugiyarsa na maƙale a reshen bishiya, shi kuma yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana fama da zare.

"Duƙa, kai!" wata murya ta ce daga cikin ciyawa. "So kake mai gadi ya gan mu?"

Bai san sanda ya duƙa ba. Da ya waiga sai ya ga wata tsohuwar Baturiya, ta haura saba'in, da hular maza a kanta da sandar kamun kifi a hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi sabuwar sandarsa, ta girgiza kai. A cewarta, ba ta taɓa ganin ɓarawon kifi marar iya sata kamarsa ba.

A bazarar 1975 ke nan, lokacin da kuɗin mai ya cika aljihun 'yan Najeriya, har kantunan London suka koyi faɗin "sannu da zuwa". Rafin da suka haɗu yana can ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, ya ratsa gonar wani tsohon gida mai jan bulo. Ruwansa garau, kana hango kifin da Turawa ke kira trout yana lilo a kan tsakuwa.

Margaret ta ɗauke shi ɗalibi ba tare da ta nemi yardarsa ba. Ta nuna masa yadda ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya har ya koma kamar ƙuda, da yadda ake wurga zaren ya sauka a kan ruwa a hankali. Idan ya buga ruwan da ƙarfi sai ta ɗaka masa duka a kafaɗa. Ta kasa faɗin sunansa, sai ta mai da shi Wes. Shi kuma yana ce mata Gwaggo, ya ce haka ake kiran manya a Yola.

Duk Asabar sukan haɗu a wata kafa da ke jikin shinge. Ita takan kawo shayi a fulas, shi kuma kilishin da aka aiko masa daga gida. Tana ci tana hawaye saboda yaji, tana miƙo hannu a ƙara mata.

A wurin shan shayin ne ya ji labarinta. A gidan nan mai jan bulo aka haife ta, a rafin nan mahaifinta ya koya mata kamun kifi. Ɗan wanta ne ya sayar da komai ga wani attajirin man fetur daga Afirka.

"Har aikowa ya yi wai in zo in kama kifi duk sanda na ga dama," in ji ta. "Sadaka! A ruwan ubana! Wallahi gara in sata." Wallahin a bakin Uwaisu ta tsince shi.

"Kin taɓa ganinsa, Gwaggo?"

"Allah ya kiyaye. Na san dai ƙaton tumbi ne da zobba."

Uwaisu ya ƙara mata kilishi.

Mai gadin gonar, Dobbs, dogo ne mai fuskar shanu, ga baƙin kare kamar maraƙi. Sa'arsu ɗaya, mutumin yana fama da tari, tun daga nesa ake jinsa. Da ya yi tari sai su kwashe kayansu su ruga, Margaret na dariya kamar yarinya. Takan ce sabon mai gidan bai san aikinsa ba: ya ajiye malalacin mai gadi, ya kasa toshe kafar shinge, har ma kafar sai ƙara faɗi take yi.

Akwai wani ƙaton kifi da ke zama a ƙarƙashin gadar katako. Tun kafin a sayar da gidan take bibiyarsa, yana raina mata hankali. Wata Asabar da hantsi, ta wurga ƙudanta ya sauka daidai bakin inuwar gadar. Ruwa ya ɗan motsa. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye.

A daidai lokacin ne tarin ya taso, kuma kusa.

Margaret ta dubi zaren, ta dubi hanyar shinge. Idan ta gudu kifin ya tafi, idan ta tsaya za a kai ta gaban attajirin da ta rantse ba za ta taɓa kallon fuskarsa ba.

"Kada ki saki, Gwaggo," in ji Uwaisu. "Bar ni da shi."

"Za su kulle ka, Wes!"

Amma ya riga ya haye gaɓa. Ya ruga ta cikin ciyawa yana karya rassa da gangan, kare ya bi shi, Dobbs ya bi kare yana ihu. Sai da suka kai bayan rumbun ciyawa ya tsaya yana haki. Ta tsakanin bishiyoyi ya hango tsohuwar ta ɗaga kifin sama da hannu biyu, ta sumbace shi a ka, ta mayar da shi ruwa, sannan ta sulale ta kafar shingen.

Karen ya iso ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjin Uwaisu yana kaɗa jela. Dobbs ya ƙaraso, ya cire hula.

"Na yi saurin yin tarin ne, Yallaɓai? Asabar mai zuwa in ƙyale ku ku huta?"

"A'a, ka kore mu kamar kullum," in ji Uwaisu, yana lalube aljihunsa don makullin gidan mai jan bulo. "Ranar da Gwaggo ta gane ni ne ƙaton tumbin, ba za ta sake taka rafin nan ba."