Hannu Biyu a Kafaɗa

Na cire igiya, jirgin da ya jawo mu sama ya karkata ya tafi abinsa. Sai tsit. Namu jirgin ba shi da inji, iska kaɗai ke riƙe da mu a saman gonakin bayan Lyon, inda sanyin Oktoba ya mayar da itatuwa jawur.

"Ke, injin ya mutu ne?" in ji yayana daga kujerar gaba.

"Dama babu shi, Yaya."

Daga Paris ya zo, tun safe yake cika baki a kulob ɗinmu na matuƙa jirgi cewa shi ya raine ni. Ya raine ni kam. Ina ƙarama yakan miƙa ni waje ta tagar benenmu a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, ƙafafuna na lilo, yana dariya: "In sake ki?" Har na girma ba na iya leƙa taga. Shi ya sa na koyi tuƙin nan, in yi amai, in koma.

Na kwantar da fiffike ɗaya, ƙasa ta cika masa ido. Ya ɓarke da salati.

"Don Allah ki riƙe da kyau!"

Na daidaita jirgin. A kwantacciyar iska irin ta yau zai tafi da kansa. Na sani, shi bai sani ba. Na miƙa hannuwa na dafa kafaɗunsa, dama da hagu.

Ya dubi wannan hannun. Ya dubi wancan.

"Yaya," na ce a hankali, "na saki."